Shagaltar da Yara ba Tare da Waya ko Talabijin ba: Bayani ga Iyaye da Shugabannin Jama'a a Magami da Kewaye

GABATARWA

A lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ranar 1 ga Oktoba, 1996, babu wayar hannu a ƙauyukanmu, kuma gidajen da ke da akwatin talabijin ba su taka kara sun karya ba. Wayar salula ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 2001, daga nan ta riƙa bazuwa daga birane zuwa karkara. A yau manomi na jin farashin hatsi ta waya, mai jego na kiran ma'aikacin lafiya ta waya, jama'a kuma na sanar da juna halin da hanya take ciki ta waya. Wannan ci gaba ne wanda ya cancanci godiya ga Allah.

Sai dai wayar da ta sauƙaƙa wa manya al'amura ta faɗa hannun yara. Mai cajin waya a bakin kasuwa kan tura finafinai da waƙoƙi a memori a kan kuɗi kaɗan, gidajen kallo na aiki da janareto ko sola har dare, uwa kuma kan miƙa wa yaro waya domin ya yi shiru ta samu ta gama aiki. Mun shirya wannan bayani ne domin iyaye, malamai, iyayen ƙasa, hakimai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi a gundumar Magami da sauran sassan Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Manufarmu ita ce mu nuna cewa hana yaro waya kaɗai ba ya wadatarwa, sai an cike masa lokacinsa da abin da ya fi ta amfani, kuma mu bayyana waɗannan abubuwa dalla-dalla.

DALILIN DA YA SA AKE DAMUWA

A watan Afrilu na shekarar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumar ta ce jariri da yaro ɗan shekara 1 bai kamata a zaunar da su gaban waya ko talabijin ba ko kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa 1 a rana, idan ya gaza haka ya fi. Ta kuma ce yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, da barci na awa 10 zuwa 13. Game da masu shekara 5 zuwa 17, shawarar hukumar ta shekarar 2020 ita ce su samu kimanin minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana.

Dalilan waɗannan ƙa'idoji ba su da wuyar fahimta. Na farko, yaro na koyon magana ne ta hanyar musayar zance: ya faɗa, a amsa masa, ya yi kuskure, a gyara masa. Fim yana magana ne kawai, ba ya sauraron yaro balle ya amsa masa. Na biyu, kallon dare yana jinkirta barci, yaron da bai yi barci isasshe ba kuwa zai tashi da nauyin jiki, ya makara sallar Asuba, ya yi gyangyaɗi a aji. Na uku, dogon zama wuri ɗaya yana hana gaɓoɓi ƙwari, kuma masana lafiyar ido sun tabbatar da cewa yaran da ke samun lokaci a waje cikin hasken rana ba su cika kamuwa da matsalar kasa ganin nesa ba. Na huɗu, memorin da aka cika a kasuwa babu wanda ya tantance abin da ke cikinsa, kuma sau da yawa uba bai san abin da ɗansa ya kalla ba.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin doka. Faransa ta hana ɗalibai amfani da wayar hannu a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun shekarar 2018. A shekarar 2024 majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta. Wannan ya nuna cewa damuwar ba ta mutanen karkara ba ce kaɗai.

DARASIN SHEKARAR 2021

Halin da muke ciki a wannan yanki ya bambanta da na waɗancan ƙasashe ta fuska ɗaya muhimmiya. A da, yaran ƙauye na da dandali. Bayan sallar Isha'i, musamman idan akwai farin wata, 'yan mata na gaɗa a gefe guda, samari na langa da kokawa a ɗaya gefen, tsofaffi kuma na zaune suna sa ido. Matsalar tsaro ta 'yan bindiga, wadda ta addabi hanyar Gusau zuwa Magami zuwa Ɗansadau da ƙauyuka da dama na Tsafe da Bunguɗu, ta rage wannan fita ta dare ƙwarai. Iyaye sun tsare 'ya'yansu a gida, kuma sun yi daidai. Amma lokacin da dandali ya bari bai tafi ko'ina ba, waya ce ta gaje shi.

A farkon watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a makarantar sakandaren Kaya da ke Ƙaramar Hukumar Maradun, an rufe makarantu a faɗin jihar. A cikin makon nan kuma aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya bisa buƙatar gwamnatin wancan lokaci, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. An ɗauki makonni kafin a maido da sabis, da farko a Gusau, daga baya a sauran yankuna. Duk wanda ya zauna a jihar a wannan lokaci ya ga yadda yara suka wuni a gida babu makaranta, babu kasuwa, babu dandali. Ya kamata a tuna cewa fim ɗin da ke cikin memori ba ya buƙatar sabis, caji kawai yake nema. Don haka katse layi, ko ƙwace waya, ba shi ke mayar da yaro ga wasa da karatu ba. Abin da ke mayar da shi shi ne a samu babba wanda ya tanadar masa abin yi, da wurin yi, da lokacin yi.

MATSAYIN ADDINI GAME DA WASAN YARA

Akwai iyayen da ke ganin wasa ɓata lokaci ne, yaron kirki shi ne wanda ya zauna shiru. Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta nuna haka ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yar tsana tare da ƙawayenta, bai hana ta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da ita. Haka kuma ya taɓa yin salla yana ɗauke da jikarsa Umama. A wani ɓangaren, ya yi umurni da a fara sa yara salla tun suna shekara 7, ya kuma yi umurni da a tsare su a gida daidai lokacin da duhu ke shiga. Ya bayyana cewa kowane magidanci makiyayi ne, za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga tsarin yini cikakke: akwai lokacin ibada, lokacin karatu, lokacin aiki, lokacin wasa da lokacin hutu. Salloli biyar su ne iyakokin da suka raba waɗannan lokuta, don haka gidan Musulmi ba ya buƙatar agogo kafin ya tsara wa yaro yininsa. Ƙasarmu kuwa ba baƙuwar ilmi ba ce. Garin 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru wanda ya kai karatu ga matan karkara har cikin gidajensu.

ABUBUWAN DA ZA A SHAGALTAR DA YARA DA SU

1. Allo da abin da ke tare da shi. Karatun allo na safe da na yamma shi ne ginshiƙi. Bayan karatun kansa, akwai ayyukan hannu da yara ke jin daɗinsu: fiƙe alƙalami daga karan gamba, dafa tawada da ƙaro, wanke allo da shanya shi, da koyon zayyana ga wanda ya yi nisa. Uba ko wa zai iya ware minti 15 bayan Magariba ya saurari tilawar yaro. Malaman Islamiyya za su iya shirya ƙaramar musabaƙa tsakanin unguwanni sau ɗaya a wata, ko da kyautar ba ta wuce littafin rubutu da sabulu ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara a shekarar 1986, daga irin waɗannan ƙananan makarantu take samun mahaddatanta.

2. Tatsuniya da kacici-kacici. Wannan shi ne abin da ya fi dacewa da halin da muke ciki, domin a tsakar gida ake yin sa, ba ya buƙatar fitila ko kuɗi. Labarin Gizo da Ƙoƙi na koya wa yaro ƙarshen mai wayon banza. Kacici-kacici na sa shi tunani, karin magana na ƙara masa hikima, salon magana mai karya harshe kuma na gyara masa furuci. Abin lura shi ne kada babba ya riƙe zancen shi kaɗai. Idan kaka ta ba da tatsuniya yau, gobe a ce wa yaro ya maimaita ta da bakinsa. A haɗa da labarin Annabawa da na Sahabbai, da tarihin gari da asalin zuri'a, wanda tsofaffi kan tafi da shi idan ba a tambaye su ba.

3. Karatun littafi a bayyane. Gidan da ke da ɗan firamare ko ɗan sakandare yana da mai karatu. Littattafan Abubakar Imam, wato Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda suka fito a shekarun 1930, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, duk sun dace a karanta wa iyali. Shafi biyu ko uku a dare sun isa. Mai karatu zai ƙara ƙwarewa, ƙannensa kuma za su taso da sha'awar littafi. Kwafi ɗaya zai iya zagaya gidaje goma.

4. Wasannin motsa jiki. Langa na buƙatar fili kaɗan da yara kamar shida zuwa goma. Kowane yaro zai riƙe ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya yi tsalle da ɗayar. Ana raba su gida biyu, a zaɓi ɗaya a matsayin ruwa, abokansa su kare shi har ya kai wurin da aka shata, wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa kuma ya fita. Langa da kokawa na cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa, don haka ba abin rainawa ba ne. Akwai kuma ɓuya, tsere, tsallen igiya, lilo da ƙwallon ƙafa. 'Yan mata na da gaɗa da carafke, inda ake wurga dutse ɗaya sama a kwashe na ƙasa a cafe shi kafin ya faɗo, wasan da ke saita ido da hannu.

5. Dara. Ana haƙa gurbi 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki tsinke, ɗaya ya ɗauki tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ɗaya ya ci ɗan abokin karawarsa guda. Wasa ne na lissafi da haƙuri da hangen abin da zai biyo baya. Sharaɗi shi ne kada a sa kuɗi, domin da zarar kuɗi ya shiga ya koma caca, kuma a tashi da jin kiran salla.

6. Ƙere-ƙere da sana'ar gida. Bayan girbi, karan dawa da na gero na nan birjik. Da ɓargon kara da ɓawonsa yara ke ƙera mota, jirgi, tabarau da keji. Da laka suke gina shanu da tukwane, da gwangwani da tsohon silifa suke haɗa mota mai taya. Yaron da ya ƙera abin wasansa ya koyi awo da gyara. Waɗanda suka tasa kuma a zaunar da su kusa da mai sana'a: saƙar faifai da tabarma, tufkar igiya, ɗinkin hula, ƙira, dukanci, gyaran keke ko ɗinki.

7. Kiwo da ɗan lambu. Kirarin jiharmu shi ne noma abin alfaharinmu. Tsarin gandu da gayauna ya daɗe yana koya wa matasa dogaro da kai, kuma ana iya fara shi tun yaro na ƙarami a cikin gida. A ba shi kaza ɗaya ko 'yar akuya a ce tasa ce, ko a yanka masa kunya biyu a bayan ɗaki ya shuka kuɓewa, yakuwa, alayyafo ko zogale. Ban ruwa da ba da dusa safe da yamma za su ɗaure masa lokaci, ranar da kazar ta ƙyanƙyashe kuwa zai ji daɗin da fim ba zai ba shi ba.

8. Watan azumi da hutun makaranta. A waɗannan lokuta ne kallo ya fi yawa. Yara za su iya taimakawa wajen kai abin buɗa baki ga maƙwabta, share masallaci, shimfiɗa tabarmi da halartar tafsiri tare da iyaye. Tashe, wanda aka saba farawa daga goma ga wata, a yi shi a cikin unguwa da wuri, da sanin mai unguwa, kuma a bar shi duk inda hukuma ta dakatar da shi saboda tsaro.

KIYAYE LAFIYA DA TSARON YARA

Raba yaro da waya ba hujja ba ce ta jefa shi cikin haɗari. Muna jan hankalin iyaye ga waɗannan abubuwa:

a. Wasan fili a yi shi tsakanin La'asar da Magariba, a cikin gari, a gaban idon babba. Bayan Magariba kowa ya koma gida.

b. Kada a tura yara daji su kaɗai neman itace, ciyawa ko kiwo a wuraren da ake fargaba.

c. A hana su wanka a gulbi, tafki da kududdufi ba tare da babba ba, musamman da damina. Baya ga nutsewa, ruwan da ke kwance na ɗauke da cutar tsargiya.

d. Kada a daka ko a niƙa dutsen zinari a cikin gida ko inda yara ke wasa. A shekarar 2010 gubar dalma daga irin wannan aiki ta hallaka yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, galibinsu 'yan ƙasa da shekara 5 masu wasa a ƙasa suna kai hannu baki.

e. Koyon sana'a daban, bautar da yaro daban. Aiki kada ya fi ƙarfinsa, kuma kada ya hana shi makaranta. Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta.

NAUYIN DA KE KAN IYAYE

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawar ma sai ya dubi kansa. Uban da ke latsa waya a kan tabarmar cin abinci ba zai iya hana ɗansa ba. Muna ba da shawarar kowane gida ya tsayar da ƙa'ida uku masu sauƙi: babu waya lokacin cin abinci, babu waya tsakanin Magariba da Isha'i, kuma yaro ba ya kwana da waya. Ƙa'idar ta hau kan babba da yaro, in ban da kiran gaggawa. Idan za a yi kallo, a yi shi tare, uba ko uwa su san abin da ke cikin memorin, a kuma faɗi lokacin tashi tun kafin a fara.

A sa rai cewa yaron da ya saba da waya zai yi kuka da fushi a kwanakin farko. Duka ba shi ne magani ba. A rage masa sannu a hankali, kuma a duk lokacin da aka karɓi wayar a miƙa masa wani abu a madadinta. Har ila yau, ya kamata magidanta su tuna cewa uwar da ke daka, girki, ɗebo ruwa da raino ita kaɗai ba ta miƙa wa yaro waya don sakaci. Idan uba, kaka da yayye suka karɓi yaran na awa ɗaya, an rage mata dalilin yin hakan.

NAUYIN DA KE KAN SHUGABANNI DA JAMI'AI

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya ba sai da hannun shugabanni. Muna kira ga iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni a masarautun Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Kwatarkwashi da su ware fili a tsakiyar gari domin wasan yara, su kare shi daga masu gini da masu zuba shara, su kuma sa dattawa biyu ko uku su riƙa zama a wurin bi da bi. Inda babu fili, harabar makarantar firamare bayan an tashi ta wadatar, idan an yi yarjejeniya da hedimasta da kwamitin gudanar da makaranta.

Sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi su tabbatar ana amfani da lokacin motsa jiki da ke cikin jadawalin makaranta, a kuma sa langa, dara da kacici-kacici cikin gasar makarantu. Akwatin littattafan Hausa guda ɗaya a kowace makaranta, wanda malami ɗaya zai riƙa ba da aro yana rubutawa, ba zai gagari ƙaramar hukuma ko ƙungiyar ci gaban gari ba. Limamai su taɓo wannan batu a huɗuba da wajen suna da ɗaurin aure. Masu gidajen kallo da masu tura finafinai kuwa 'ya'yan gari ne masu neman halaliyarsu. A zauna da su cikin mutunci a cimma matsaya: kada a bar yara shiga lokacin makaranta ko bayan Magariba, kuma kada a tura wa yaro abin da mai turawar ba zai so ɗansa ya gani ba. Garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira su sa yaran baƙin cikin wasa da karatu tare da nasu, domin su ne suka fi kowa buƙatar abin da zai ɗebe musu kewa.

KAMMALAWA

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilmi. Gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai aikin hukuma ne, amma yaro na shafe mafi yawan yininsa a gida da unguwa, inda babu mai iko da lokacinsa sai iyayensa da shugabannin garinsu. Dukkan abubuwan da muka lissafa a sama akwai su a Magami, Wanke, Mada, 'Yandoto, Kwatarkwashi da kowane ƙauye, kuma mafi yawansu ba sa cin ko kwabo. Muna roƙon kowane magidanci da ya zaɓi guda biyu daga ciki ya fara da su a wannan mako, kowane mai unguwa kuma ya kira taro a tsayar da fili da lokaci.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya mai ɗorewa a Jihar Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.